Idan ɗan kokowa ya kwance layu, a ba shi usur

A watan Satumbar 2025 Ingila ta yi rashin Dickie Bird yana da shekara 92. Ɗan mai haƙar kwal ne daga garin Barnsley. Ya buga wasan kurket wa Yorkshire da Leicestershire bai yi wani fice ba, ya koma koyar da yara, sannan a 1970 ya zama alƙalin wasa. A nan sunansa ya fito, har ya yi alƙalancin wasan ƙarshe na gasar kofin duniya sau uku, a 1975 da 1979 da 1983.

Kurket ba wasanmu ba ne. Abin da ya ja hankalinmu shi ne hanyar da aka shimfiɗa wa mutumin, yadda ƙarfinsa ya ƙare amma aikinsa a fili ya ci gaba. Ita muke nema wa 'yan kokowarmu.

A 1975 ɗin nan aka fara gasar takobin ƙasa a Tawa, Kantu na Maraɗi ya ɗauka. Yau kowace jaha cikin takwas tana kawo 'yan kokowa goma. Amma kafin mutum ya shiga filin Hamidin Mai Dare, a dandalin ƙauye ya koyi kamu, bayan kaka, a wurare irin su Deule ta gundumar Buza da ƙauyukan Madawa da Keita. Can kuma yake komawa idan gwiwa ta ƙi. Wanda ya ɗauki takobi ya samu kuɗi da kyaututtuka, makaɗa ba za su manta da shi ba. Sauran fa? Da yawa gona ce ko ci-rani zuwa Libiya, Aljeriya ko Abijan, kamar kowane ɗan Adar, su tafi da ilimin da suka tara cikin shekaru.

Asarar ta fi bayyana wajen alƙalanci. Duk mai bin gasar ta waya daga ƙasar waje ya san yadda gardama ke tashi a kan ko gwiwa ta taɓa ƙasa, ko wane ne ke gudun kamu da gangan. Wanda aka sha kayarwa, shi ma ya kayar, yana ganin wannan tun kafin 'yan kallo su yi ihu. Za a ce tsohon ɗan kokowa zai yi son kai ga jaharsa, wasu kuma ba su yi boko ba. Na farkon gaskiya ne, maganinsa kada a ba shi wasan 'yan jaharsa. Na biyun bai kai hujja ba: ana iya koyar da dokokin da Hausa, a yi jarrabawa da baki da kuma a cikin fili.

Muna kira ga hukumar kokowa ta ƙasa ta buɗe horon alƙalai da masu horaswa a matakin gunduma, ta ba da takardar shaida, ta yanka ladan aiki sananne. Ƙananan hukumomi irin Deule su sa wannan cikin kasafinsu, ko da mai horaswa ɗaya ne. Ƙungiyoyin 'yan ci-rani da suka saba tara kuɗin masallaci da rijiya suna iya ɗaukar albashinsa na watannin rani, lokacin da samari ba su da aikin gona.