Kafin A Miƙa Wa Baƙo Makulli, A Faɗa Masa Halin Teku

 

Yau maganarmu a kan wata 'yar takarda ce. Duk wanda ya taɓa kama gidan haya na 'yan kwanaki a bakin teku ya san ta. Akan ajiye ta a kan tebur ko a manna a bayan ƙofa, ɗauke da bayanin da mai masauki yake so baƙonsa ya sani. Ra'ayinmu shi ne, wannan takarda amana ce, kuma akasarin masu rubuta ta suna cika ta da abin da ke kare musu kaya, su bar abin da ke kare ran baƙo.

Mun ga haka da idonmu. Mu huɗu muka yi karo-karo muka kama wani ɗan gida a Jambiyani, wani ƙauye da ke gabashin Unguja, babban tsibirin Zanzibar a ƙasar Tanzaniya. Takardar da muka tarar ta faɗa mana lambar sirrin intanet, da ƙarfe nawa za mu miƙa makulli ranar tafiya, da tarar wanda ya ɓatar da shi, da cewa kada a sha taba a ɗaki. Iyakarta ke nan.

Washegari da hantsi muka fito, sai muka ga teku ya tafi. Inda jiya ruwa yake dukan katanga, yau farin rairayi ne shimfiɗe iya ganin ido. Muka ajiye takalma muka nausa, muna ɗaukar hoto muna dariya. Mun yi nisa ƙwarai lokacin da wata mata da ke aiki a gonarta ta cikin ruwa ta fara ɗaga mana hannu tana nuna bayanmu. Da muka waiga, wani kwari da muka ratsa ɗazu ƙafa a bushe ya cika. Kafin mu tsallake shi ruwan ya kai mana ƙugu, ga shi biyu daga cikinmu ba su iya iyo ba. A cikin wannan gaggawa ɗayanmu ya taka bushiyar teku, wata halitta mai baƙaƙen ƙayoyi da ke maƙale a jikin duwatsu, ya ƙarasa kwanakin hutunsa yana ɗingishi. Layi biyu kacal a waccan takarda da sun raba mu da wannan duka.

Hausawa sun ce baƙo ko da ido makaho ne. Mu da muka tashi a tudu, ruwan da muka sani shi ne kogi da kududdufi da madatsa, kuma duk cikinsu babu wanda ke tafiya da safe ya dawo da azahar. Shi kuwa teku yana cikowa sau biyu, ya janye sau biyu a kusan kowane yini da dare, tsakanin cikowa da janyewa awa 6 da 'yan mintuna. Kowace rana lokacin yana ƙara jinkiri da kimanin minti 50, don haka wanda ya auna da abin da ya gani jiya zai sha mamaki yau. Wata ne ke jan ruwan, shi ya sa lissafin kwanan wata da muka iya tun a gida yake da amfani a can: wajen tsayuwar wata da wajen daren sha huɗu ruwa ya fi janyewa da nisa, ya kuma fi dawowa da ƙarfi. A gabashin Unguja akwai shingen duwatsun murjani can cikin teku, tsakaninsa da gaɓa fili ne mai faɗi, ruwa yakan ja baya fiye da kilomita guda. In zai dawo kuma, kwaruruka yake fara cikawa, sai ya datse wa mutum hanya ta baya alhali gabansa a bushe. A arewacin tsibirin, wajen Nungwi da Kendwa, janyewar ba ta kai haka ba. Ka ga ke nan abin da mutum ya koya a wannan gaɓa ba lallai ya yi masa aiki a waccan ba, dole sai ɗan gari ya faɗa masa.

Saboda haka muke cewa abu na farko a takardar baƙo ya zama jadawalin ruwa na kwanakin da zai yi, da gargaɗin cewa a juyo tun ruwa bai fara dawowa ba, a kuma sa takalmin roba kafin a shiga. A faɗa masa ko akwai masu aikin ceto a wannan gaɓa ko babu, domin a bakin ruwan ƙauye galibi babu. A faɗa masa in igiyar ruwa ta ja shi ciki kada ya yi kokawa da ita kai tsaye, ya bi gefe yana iyo daura da gaɓa har ya fita daga hanyarta. Sannan a rubuta masa inda asibiti mafi kusa yake, da lambar direban da zai ɗaga waya ko ƙarfe biyun dare ne.

Na biyu, ruwan sha da wuta. Rijiyoyin ƙauyukan gaɓa da yawa ruwansu da ɗanɗanon gishiri, na famfo kuma na wanka da wanki ne, ba a sha. A gaya wa baƙo inda zai sayi na gora, da wanda zai kira in tanki ya ƙare. Wutar Unguja ta wayar ƙarƙashin teku take zuwa daga babban yankin Tanzaniya, kuma tsibirin ya taɓa shafe kusan wata 3 a duhu, daga Disambar 2009 zuwa Maris ɗin 2010, lokacin da layin ya lalace. Yau abin bai kai haka ba, amma ana ɗaukewa. Baƙo yana da haƙƙin sanin ko gidan yana da janareta ko sola, da kuma wanda zai sayi katin mita in ya ƙare, shi ko mai gidan. Wannan ƙaramar magana ta katin mita ta isa ta ɓata zaman kwana biyar. Abu ɗaya da ya zo mana da sauƙi shi ne soket ɗinsu mai baki uku ne irin na Najeriya.

Na uku, sauro da rana da kwakwa. A nuna wa baƙo gidan sauro, a ce ya sake shi tun magariba. Rana a kusa da tsakiyar duniya tana ƙona fata ko da iska mai sanyi tana kaɗawa, baƙin mutum ma bai tsira ba. Bishiyar kwakwa kuma, duk kyan inuwarta, ba a shimfiɗa wa yaro tabarma a ƙarƙashin wadda ta ɗauko 'ya'ya.

Na huɗu, mutanen gari. Gidan haya a tsakiyar rayuwar wasu yake. Waccan mata da ta cece mu noman ciyawar teku take yi, sana'ar da ta kankama a Zanzibar tun 1989, kuma akasarin masu yin ta mata ne. Turakun da igiyoyin da baƙo zai gani idan ruwa ya janye gonarsu ce, abincin 'ya'yansu ne. Ba a ratsawa ta ciki, ba a ɗaukar su hoto sai da izini. Mafi yawan mutanen tsibirin Musulmi ne, shigar da ta wuce a bakin ruwa ba ta wucewa a cikin ƙauye ko kasuwa, balle a watan azumi. Mai masaukin da ya yi shiru a kan wannan, shi zai ci gaba da zama da maƙwabtansa bayan baƙon ya tafi.

Akwai kuma abubuwa biyu da ke kama Bahaushe musamman. Mun saba gabas ita ce alƙibla, har kalmomin biyu sun zama ɗaya a bakinmu. A Zanzibar kuwa Makka tana arewa sak, wanda ya fuskanci fitowar rana ya kauce. Sai agogo. Bayan cewa suna gaban Najeriya da awa 2, masu jin Suwahili suna fara ƙirga awa ne daga fitowar rana, ƙarfe ɗayansu na safe shi ne bakwai namu. In mai kwalekwale ya ce ku haɗu ƙarfe uku, a tambaye shi na wane agogo, don yana iya nufin tara na safe.

Wasu bayanan kuma tun kafin a biya kuɗi ya kamata su iso. Tanzaniya ta hana ledar zuba kaya tun 1 ga Yunin 2019. Daga 1 ga Oktoban 2024 Zanzibar ta wajabta wa baƙin ƙasashen waje sayen inshorarta ta dala 44. Wanda ya taso daga Najeriya za a nemi katinsa na rigakafin cutar shawara. Daga Maris zuwa Mayu lokacin manyan ruwan sama ne, shi ya sa haya take araha a watannin. Mai masaukin da ya karɓi kuɗinka na Afrilu bai ce maka komai ba, bai yi maka ƙarya ba, amma bai kyauta ba.

Mun san abin da za a ce. Mai gida kasuwa yake yi, yana tsoron in ya jera haɗura baƙo zai tsorata ya nemi wani gidan. Wannan tsoro muna fahimtarsa, sai dai lissafin bai fita ba. Baƙon da aka gargaɗa ya koma gida lafiya shi ne mai turo 'yan uwansa, wanda kuma ya koma da ƙaya a ƙafa zai ba da labarin gidan har tsufansa. Za a kuma ce baƙi ba sa karatu. A nan akwai gaskiya, mu ma shaida ne, domin lambar intanet kawai muka kwafa muka ajiye takardar. Maganin wannan shi ne a taƙaita ta a shafi guda, abin da ke kisa a sama, abin da ke jawo tara a ƙasa, sannan mai miƙa makulli ya ɗauki minti biyar ya maimaita da baki yana nuna tekun da hannu.

Mu ma baƙi muna da namu nauyin. Matambayi ba ya ɓata. Kafin ka tura kuɗi, tambayi yadda ruwan gaɓar yake, ko yara za su iya shiga, ina asibiti, wa ke biyan wuta, ruwan famfo na sha ne ko a'a. Yadda aka amsa maka waɗannan ya ishe ka sanin irin hannun da za ka faɗa. In kun isa, ku gaisa da maƙwabta da masunta tun ranar farko, don da ɗan gari akan ci gari. Wanda bai iya iyo ba kuma ya faɗa, babu abin kunya a ciki. Mu kunya ce ta hana biyunmu faɗa sai da ruwa ya kai ƙugu.

Ranar da za mu tafi mun juya bayan takardar muka rubuta abin da muka koya, muka roƙi mai kula da gidan ya bar ta a kan tebur saboda masu zuwa bayanmu.

Waɗanda suka taɓa sauka a irin waɗannan gidaje, a Zanzibar ne ko Mombasa ko wata gaɓar daban, me kuka so a ce an faɗa muku tun ranar farko? Muna jiran ku a ƙasa. Allah Ya tsare mana hanyoyinmu, Ya kai mu mako mai zuwa lafiya.