Kada ka ɓoye wa likita ƙullin sassaƙe

Ya kai mai karatu, barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa. Yau zan faɗi abin da ya daɗe yana ci mini rai.

Wata baiwar Allah da na koya wa karatu a nan Tarka ta kamu da sankarar mama. Daga asibitin Damagaram aka tura ta Yamai, inda aka buɗe wurin gashin sankara da na'ura tun 2021, na farko a ƙasar Nijar. Mijinta ya sayar da awaki ya kai ta. Aka fara gashi. Sai wani mai tallar magani ya ba ta gari, ya ce ta riƙa shafawa da dare, kuma kada likita ya sani. Fata ta saɓule, ta yi gyambo. Dole aka dakatar da gashi sai da wurin ya kame.

Ka san me wannan tsaiko ya jawo? Shi gashin nan haske ne mai ƙarfi da ake aunawa a kan ciwon, yana kashe ƙwayoyinsa kaɗan-kaɗan. Galibi kwana biyar ake yi a mako, har mako biyar ko fiye. In aka tsallake kwanaki, ƙwayoyin da suka rage sai su farfaɗo, kamar ciyawar da aka bar nomanta rabi. Fatar wurin kuwa laushi take yi kamar ta jinjiri, ba ta ɗaukar gari mai zafi.

Za ka ce: ai da sabara da bagaruwa kakanninmu suka rayu. Gaskiya ne, ni ma da su na girma. Likitoci ma ba su raina itace ba. Vinkiristin, maganin sankara da ake ba yara a asibiti, daga wani fure na Madagaska aka tsamo shi. Amma an auna shi, an san yawan da ke warkarwa da yawan da ke kisa. Wa ya auna na cikin leda a kasuwar Balbeji? Wani jiƙon yana wahalar da hanta da ƙoda, alhali jiki na fama da maganin asibiti.

A 2018 masana na jami'ar Yel a Amurka sun bi diddigin masu sankara. Waɗanda suka ƙi asibiti suka tsaya ga maganin gargajiya kaɗai, hatsarin mutuwarsu ya ninka na sauran sau biyu da rabi.

Laifi na farko na mai lasifika ne, wanda ke rantsuwa garinsa na warkar da sankara da basir da shawara gaba ɗaya. In ka mutu, shi ya riga ya ci wata kasuwa. Amma ma'aikacin asibitin da ke daka wa baƙauye tsawa in ya ambaci sassaƙe, shi ma da nasa kason, don tsawarsa ce ke sa a ɓoye ƙulli a ƙarƙashin tabarma.

To, ga roƙona. Duk abin da kake sha, ɗauke shi ka nuna wa likita. Kada ka shafa kome a wurin gashi sai da izininsa. Kada ka tsallake rana ko ɗaya don maganar wani. Kai da ka iya karatu, rubuta sunan kowane itace a takarda ka ba mai tafiya Yamai, kuma ka karanta wa na gida wannan shafi. In kunne ya ji, jiki ya tsira.