Launi A Hoton Kasuwa

Abin lura ne cewa Bahaushe ya aro sunayen launuka da dama daga kayan da yake saye da sayarwa: ruwan goro, ruwan ɗorawa, ruwan zuma, ruwan hanta. Wato a wurinsa launi shaida ne a kan abu.

To amma sau da yawa matafiyi kan sauka kasuwar Birnin Kudu, ko ta Sara a ƙasar Gwaram, ya ɗauki hoto da waya, sa'an nan ya yi ta ƙara masa launi har jan barkono ya koma garwashi, hazon hunturu ya ɓace sarai. Hoton ya ƙayatar, amma ya faɗi ƙarya, alhali kuwa da shi manazartan gobe za su auna kasuwar yau.

Mutanen dā da suka zana shanu a Dutsen Habude da Dutsen Mesa, nan Birnin Kudu, launuka ƙalilan suka yi aiki da su, ga shi har yau ana zuwa kallo. Ya kamata mai ɗaukar hoto ya yi koyi da su: ya jira hantsi ko la'asar sakaliya, ya zaɓi launi guda ya zama jigo, ya nemi izinin mai kaya, ya bar wa goro ruwansa.