LAMBUN GIDA: Kafa Katako Inda Ƙasa Ba Ta Da Zurfi

Damina tana ƙaratowa. A Jos da kewaye ruwa yakan sauka tun watan Afrilu, a Kano kuwa sai wajen ƙarshen Mayu ko Yuni. Ba a fafe gora ranar tafiya, saboda haka yanzu ne lokacin gyara fangalin lambu.

A wurare da yawa, idan mutum ya sa fartanya ya haƙa inci 4 ko 5, sai ya ji ƙarfe ya yi ƙara. Ya kai marmara ke nan, ko fa. A irin wannan wuri ruwan sama ba ya nutsewa. Yakan bi ta sama da gudu, ya kwashe 'yar ƙasar da takin da uwargida ta sha wahalar tarawa. Maganin abin shi ne a kewaye fangali da katako, a cika cikinsa da ƙasa mai kyau. Amma yaya katakon zai tsaya, tun da turke ba ya shiga?

Amsar ita ce, kada a dogara ga turke kaɗai. A haɗa katakon ya zama kamar akwati marar gindi, kowane gefe yana riƙe da ɗan'uwansa. Ga yadda za a yi.

Da fari a ɗauki guntun rodi, a bi wurin ana cakawa, don a san inda ƙasa ta fi zurfi. Idan wurin gangare ne, tsawon fangalin ya gicciye gangaren, kada ya bi shi. Faɗinsa kada ya wuce ƙafa 4, domin hannu ya kai tsakiya ba sai an taka shuka ba. A ja igiya a daidaita layi. A auna daga kusurwa zuwa kusurwar da ke fuskantarta, a kuma auna ɗayan. Idan awon biyu ya zo daidai, fangalin bai karkace ba.

Sai a haƙa ɗan rami mai zurfin inci 2 bisa layin igiyar, a zuba tsakuwa kaɗan, a zaunar da katakon a kai. Katako mai kaurin inci 1 da rabi, da faɗin inci 10 ko 12, ya isa. A kowace kusurwa a sa guntun icce mai kauri daga ciki, a buga wa katakon biyu ƙusa a jikinsa. Wannan aikin mutum biyu ne, ɗaya ya riƙe, ɗaya ya buga, gama hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Yaran gida za su iya taimakon Baba a nan.

Jiƙaƙƙiyar ƙasa tana da nauyi ƙwarai, takan tura dogon katako ya yi ciki waje. Saboda haka kowace ƙafa 4 a gicciya wani icce daga wannan gefe zuwa wancan, can ƙasa, a buga masa ƙusa. Idan an zuba ƙasa ta danne shi, nauyin nan da zai ture katakon shi ne zai riƙe shi.

Inda akwai tsakuwa ko marmara mai taushi, rodi mai kaurin rabin inci yakan shiga inda turken icce zai farfashe. A yanka shi ƙafa 2, a zuba ruwa a wurin ya kwana, da safe a buga da guduma a bayan katakon, kowace ƙafa 3. A ɗan karkata shi, kansa ya jingina da katakon, ƙasansa ya nufi waje. A buga ƙusa biyu a lanƙwasa su su rungume shi. Iyaye, ku lura da wannan da kyau: kan rodin ya nutse ƙasa da bakin katakon. Yaro mai gudu idan ya faɗi a kan rodin da ya yi tsini, raunin ba ƙarami ba ne.

Inda fa ne sosai, kada a wahalar da guduma. A jera manyan duwatsu a bayan katakon, a cike tsakaninsu da ƙasa, a daddanna. A gefen da ya fi gangarewa a bar 'yan kafofi a toshe su da tsakuwa, domin ruwa ya sami hanyar fita. In ba haka ba saiwar shuka za ta ruɓe.

Saura maganar gara. Farin katako mai araha ba ya daɗewa a ƙasa. Ƙirya da azarar giginya sun fi jure mata, amma kada a sare ɗanyen itace saboda lambu, a nemi tsohuwar azara ko ragowar gini. Waɗansu sukan shafa baƙin man mota. Kada a yi haka a inda ake shuka abinci, gama yana da guba, yana kuwa shiga ƙasa. Gara a babbake gefen da zai taɓa ƙasa har ya yi baƙi, a riƙa dubawa kowane wata, a karkaɗe ginin gara tun yana sabo.

Bayan wannan sai a cika fangalin da ƙasa da ruɓaɓɓen taki. Zurfin inci 8 ya ishi alayyafo da latas da albasa. Tumatir da kuɓewa suna son ƙafa 1 ko fiye. Da haka bayan gidan da ake cewa ba ya yin kome zai ba iyali kayan miya, har a kai wa maƙwabta.

A wata mai zuwa za mu duba yadda ake haɗa taki daga sharar gida da kashin kaji. Sai mun sadu.