Ra'ayinmu: A Ɗauki Muryar Dattawa Tun Suna Nan

A shekarar 1983 hannun Jiddu Krishnamurti, wani masanin falsafa ɗan ƙasar Indiya, ya fara rawa saboda tsufa, rubutu ya yi masa wuya. Yana da shekara 87 a lokacin. Sai aka ajiye masa rikoda a ɗakinsa a garin Ojai na Amurka. Da safe, shi kaɗai, yakan faɗi abin da ke ransa: itatuwa da tsuntsayen da ya gani, tsoro, kaɗaici, mutuwa. Ya yi haka har watan Maris na 1984. Ya rasu a 1986, aka buga maganganun a littafi a 1987.

'Yan'uwa, ba koyarwarsa muke tallatawa ba. Tun 1929 mutumin nan ya ce babu wani addini ko malami da zai kai mutum ga gaskiya, mu kuwa mun san Wanda muka gaskata. Amma almajiransa sun yi abin da ya kamata ya ba mu kunya. Ba su bar tsohonsu ya tafi da maganarsa a ciki ba.

Mu fa? Dattawan da suka kai bishara ƙauyukan Maguzawa a ƙafa da keke suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Wasu ana kawo su jinya Asibitin Malam Aminu Kano da ke Gyaɗi-Gyaɗi, mu je mu yi addu'a, mu ajiye lemo, mu tashi. Ba mai tambayar Baba yadda ya tuba, ko abin da ya riƙe shi ranar da dangi suka juya masa baya. Ranar jana'iza kuma sai a karanta tarihi na minti uku, rabinsa sunayen mukamai.

Kada a ce ba su iya rubutu ba. Manzo Bulus da baki ya faɗi wasiƙarsa zuwa ga Romawa, Tartiyas ya rubuta. Baba ta Karo, mutuniyar ƙasar Kano, ba ta yi boko ba, amma ta zauna ta ba Mary Smith labarinta a 1949 da 1950. Ta rasu a 1951, har yau ana karanta ta a jami'o'i.

Gargaɗinmu ɗaya ne, kuma ga shugabanni yake. In an ɗauka, kada a gyara. In Mama ta ce akwai shekarar da ta kasa yin addu'a bayan ta binne ɗanta, a bar shi yadda ta faɗa. Matasanmu sun ƙoshi da shaidar da ba hawaye a cikinta, wannan ce za su saurara. Kuma muryar dattijo shaida ce, ba Nassi ba, ana auna ta da Littafi Mai Tsarki kamar ta kowa.

Yanzu ba a bukatar kaset, wayar hannu ta isa. Muna roƙon kowace ekklisiya a Tarauni ta sa matasa biyu da wata daga zumuntar mata su fara da wanda ya fi kowa tsufa. A nemi izininsa da na iyalinsa tukuna, a ajiye kwafi a wurin sakataren ekklisiya, a ba 'ya'yansa nasu.