Albarushi Ba Ya Sanin Gwani

A Amurka akwai masu harbi da yawa waɗanda ba sa sayen harsashi haɗaɗɗe daga kanti. Sukan tattara kwanson tagulla da aka riga aka harba, su narka dalma su zuba ta a mazubi ta fito da siffar harsashi, su auna albarushi, su haɗa komai da hannunsu. Dokar tarayyar ƙasar ta yarda da haka matuƙar mutum don amfanin kansa yake yi, sai in zai sayar ne ake neman lasisi. A tsakanin waɗannan mutane akwai gardamar da ta ƙi ƙarewa: albarushi nawa ya kamata a zuba wa harsashin dalma na ƙaramar bindiga, kuma wa ke da ikon yanke wannan hukunci? Wasu sun ce littafin awo da kamfanoni irin su Lyman da Speer da Hodgdon ke wallafawa. Wasu sun ce idon gwani da daɗewarsa a harkar. Ni ina bayan littafin, kuma ba don ina raina gwaninta ba. Abin da ake aunawa a nan ya fi ƙarfin ido da hannun kowane ɗan Adam.

Ma'aunin da suke amfani da shi sunansa giren, kuma sai an tara 7,000 nasa kafin a samu fam guda. Giren ɗaya bai kai miligiram 65 ba. Harsashin ƙaramar bindiga kuwa 'yan giren kaɗan yake ci, don haka kuskuren da bai fi ƙurar da ke maƙalewa a bakin cokali ba yana iya zama kaso mai tsoka na dukan awon. Wannan 'yar ƙura ita ke haifar da matsin da ake lissafawa da dubbai. Ƙungiyar SAAMI, wadda masu ƙera makamai na Amurka suka kafa a 1926, ta ƙayyade wa harsashin .38 Special matsin fam 17,000 a kan kowane inci murabba'i, .45 ACP fam 21,000, shi kuwa .357 Magnum fam 35,000. Albarushin zamani marar hayaƙi, wanda Bafaranshe Paul Vieille ya fito da shi a 1884, yana da wani hali da ya sa lissafin kai ba ya aiki a kansa: gwargwadon yadda matsi ya ƙaru, gwargwadon yadda yake ƙara saurin ƙonewa. Saboda haka ƙarin kaso goma cikin ɗari na albarushi ba ƙarin kaso goma na matsi yake kawowa ba, yakan zarce haka nesa. Ga kuma wani tarko da tarihi ya bari. An ƙera kwanson .38 Special a 1898 don baƙin albarushi mai cin wuri, shi ya sa yake da zurfi. Albarushin zamani mai saurin ci ɗan ƙasan kwanson kawai yake rufewa, har mutum zai iya zuba awo biyu bai lura ba. Bindigogi da yawa sun tarwatse a hannun masu su ta wannan hanya, kuma ba sabbin shiga kaɗai ba.

Dalma tana ƙara wa lamarin wahala. Harsashin da aka lulluɓe da jan ƙarfe yana jure gudu da zafi, amma dalma tsura tana da taushi. A ma'aunin tauri na Brinell, zallar dalma tana wajen 5, gaurayen da ake kira Lyman No. 2 yana wajen 15, tsohuwar dalmar injin ɗab'i ta Linotype kuma tana wajen 22. In aka matsa wa harsashi mai taushi da albarushi fiye da ƙarfinsa, sai ya goge jikinsa a cikin bututun bindiga, dalma ta yi ta taruwa, hanya ta ƙuntata, saiti ya lalace, matsi kuma ya hau. Abin da ke ba mutane mamaki shi ne harsashi mai tauri sosai ma yana barin irin wannan datti idan ya yi wa bututun ƙanƙanta, domin iskar wuta tana kurɗawa ta gefensa tana zaizayar dalmar. Ke nan mai cewa ƙarin albarushi shi ne ƙarin inganci bai fahimci kayan da ke hannunsa ba. Mai ragewa da ka shi ma bai tsira ba: awon da ya yi kaɗan yakan bar harsashi a maƙale a tsakiyar bututu, kuma wanda ya sake jan kunama a kan haka ya aika harsashi na biyu ya ci karo da na farko. Don haka ne littafin ke ba da iyaka biyu, ta ƙasa da ta sama, kuma yake raba jadawalin dalma da na harsashi mai lulluɓi ko da nauyinsu ɗaya ne.

Masu ja da ra'ayin bin littafi suna da gwarzonsu, Elmer Keith, makiyayin shanu kuma marubuci daga jihar Idaho. Shi ne ya yi shekaru yana cusa wa harsashin .44 Special albarushi fiye da abin da kamfanoni ke yi, yana amfani da dalmar da shi ya tsara siffarta, har Remington da Smith & Wesson suka fitar da .44 Magnum a tsakiyar shekarun 1950. Sukan ce da ya tsaya kan littafi da ba a samu wannan ci gaba ba. Gaskiya ne. Sai dai labarin yana da wutsiyar da ba su cika ja ba: Keith da kansa ya ba da labarin yadda bindigarsa ƙirar Colt ta fashe a hannunsa yana saurayi, kuma wannan ne ya sa ya koma ga harsashin da ke barin ƙarfe mai kauri a jikin bindiga. Sannan lokacin da kamfanonin suka karɓi tunaninsa, ba su ce kowa ya yi ta ƙari a tsohuwar bindigarsa ba. Sun ƙera sabuwa mai ƙarfi, suka ƙara wa kwanson tsawo don kada ya shiga tsofaffin. Haka aka yi da .357 Magnum a 1935. Gwajin Keith ya zama abin amfani ga jama'a ne bayan ya ratsa ɗakin awon matsi.

Hujjarsu ta biyu ta fi ƙarfi. Sukan ce littattafan ma ba su yarda da juna ba, kuma bugun baya-bayan nan sun rage wasu alƙaluma saboda tsoron lauyoyi. Saɓanin gaskiya ne, amma dalilinsa a bayyane yake: kowane kamfani da bututun gwajinsa, da siffar harsashinsa, da zurfin da ya dasa shi a kwanso. A ƙaramin kwanso irin na milimita 9, ɗan nutsewar harsashi kaɗan yana rage wurin ƙonewa ya ɗaga matsi sosai. Ragin alƙaluman kuma ya zo daidai da sauyin na'ura, daga tsohuwar hanyar matse ɗan guntun jan ƙarfe a auna lotsewarsa zuwa na'urar lantarki mai nuna hawan matsi daki-daki. Wanda ya ce zai gane haɗari ta duban kwanso bayan harbi yana dogara da alamar da sau da yawa ba ta bayyana a harsashi mai ƙaramin matsi sai an wuce iyaka da nisa. Abin da na yarda da shi kawai shi ne littafi ba zai gaya wa mutum awon da bindigarsa ta fi saiti da shi ba. Nan ne gwaninta ke da fili, tsakanin iyakokin nan biyu, ana farawa daga ƙasa.

A Nijeriya wannan sana'a ba ta da gurbi a doka, domin Dokar Makamai ta 1959 ta hana ƙera harsashi ba tare da izinin hukuma ba. Amma ilimin da ke ƙarƙashinta ya shafi mafarautanmu masu ɗura bindiga ta baki. Bindigar maƙera an yi ta ne don baƙin albarushi, wanda ake aunawa da cikar mazubi. Wanda ya farke harsashin zamani ya juye albarushinsa a cikinta, ya kuma auna shi da mazubin da ya saba, ya ɗora wa bututun matsin da ya ninka abin da ƙarfensa zai iya ɗauka, kuma fuskarsa da hannunsa na hagu su ne mafi kusa da wurin da zai tsage.