"Big Boy" Ko Ɗan Ƙarya?

'Yan'uwana ɗalibai, akwai wasu kalmomin Turanci da suka shige mana baki, muna tauna su kamar goro ba mu tsaya mun ji ɗacinsu ba. Da yaro ya ɗaura agogo mai ƙyalli, ya riƙe waya biyu, ya ajiye mota a inda kowa zai gani, sai ka ji an ce ai "big boy" ne, ko kuwa "baller". Shi ke nan, an naɗa masa rawani.

To, daga ina suka fito? Ita "baller" asalinta sunan gwanin ƙwallon kwando ne a Turancin baƙar fatar Amurka. Da manyan 'yan wasa suka kuɗance, sai mawaƙan zamani na can suka mai da ita laƙabin duk mai watsa kuɗi a bainar jama'a. Ita kuwa "big boy" ta bunƙasa ne a Turancin titi na biranenmu. Aibinsu ɗaya ne: sun haɗa nasara da fankama a tukunya guda, ba su tambayar inda dukiya ta fito.

Hausa ba ta yi wannan sakaci ba. Muna da attajiri, da hamshaƙi, da mai hannu da shuni. Can gefe kuma ga ɗan ƙarya, da ɗan kwalisa, da mai burga. Kowa da ma'auninsa. Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, da fataucin goro da cinikin gyaɗa ya tara dukiyarsa, kuma Kano ta san hanyar da ya bi. Wannan shi ne attajiri. Ku dubi kuma Ramon Abbas, wanda aka sani da Hushpuppi. Ya cika Instagram da hotunan motoci da jiragen sama, samari suna ta yi masa kirari da waɗannan kalmomi. A 2020 aka kama shi a Dubai, a 2022 wata kotu a Amurka ta ɗaure shi sama da shekara 11 saboda safarar kuɗin damfara. Ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya. Amma kafin furen ya kaɗe, matasa nawa suka yi sha'awar zama irinsa?

Na san wani zai ce, haba, ai aro ba laifi ba ne. Gaskiya ne. Ita kanta kalmar attajiri daga Larabci muka samo ta, mota da tebur kuma daga Turanci. Amma waɗannan mun aro su ne don su ƙara mana gani. Kalmar da za ta lulluɓe ɓarawo da ɗan kasuwa a mayafi ɗaya kuwa, makantar da mu take yi. Harshen da ya daina bambanta mai gumi da mai zamba, masu shi ma sun kusa dainawa.

Saboda haka ina kira ga marubutanmu, da masu fassara, da 'yan'uwanmu da za su shiga gidajen rediyo gobe, da ku malamanmu masu duba rubutunmu: a kira kowa da sunan da ya dace da shi. In attajiri ne, a ce attajiri. In ɗan ƙarya ne, kada a ji nauyinsa. Fankam fankam dai ba shi ne kilishi ba.